Maganin tururuwa na kasuwa: wa yake kashewa?

Ya kai mai karatu, ka taɓa tsayawa gaban mai maganin ƙwari ranar kasuwar Barmu, ko ranar Lahadi a kasuwar Tawa? Ka san shi. Tabarmarsa ƙarama ce, amma taron da ke kanta ya fi na mai goro. Ga ƙulle-ƙullen farin gari cikin leda. Ga ƙananan kwalabe, wasu da takarda, wasu babu. Ga wani alli da ake jan layi da shi a bakin ƙofa. Bakinsa ba ya hutawa: "Na tururuwa! Na cinnaka! Na kyankyaso da kuɗin cizo! Barbaɗa yau, ka kwana lafiya!" Kai kuma daren jiya cinnaka ta hana ɗanka barci. Sai ka sa hannu aljihu, ka ba da dala ashirin, ka jefa ƙullin cikin buhu ɗaya da gishiri da barkono, ka kama hanyar gida.

Wannan ciniki nake so mu duba yau, ni da kai. Ba ya yi mini daɗi, kuma zan faɗa maka dalili.

Kada ka ce ban san wahalar ba. Na san ta. Na san uwargida da ta ajiye sauran fura da dare, da safe ta tarar kiyashi ya rufe ƙwaryar. Na san manomin da ya yi binne kafin ruwa, tururuwa ta bi rami rami ta kwashe irin. Na san kukan jariri cikin dare, a haska fitila a ga cinnaka cikin zanen goyo. A garuruwanmu na arewacin Adar maza da yawa suna can cin rani, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Nijeriya. Gida yana hannun mata da tsofaffi. Matar da ta yini tana daka da ɗebo ruwa ba ta da lokacin bin layin tururuwa. In an ce mata ga gari na dala ashirin wanda zai raba ta da wannan damuwa, dole ta saya. Ban ga laifinta ba. Laifin yana wajen wanda ya sayar mata da abin da shi kansa bai sani ba, da waɗanda sunka bar shi yana sayarwa, da mu da munka koyi karatu amma ba mu duba takardar da ke jikin kwalba.

Abu na farko da nake suka a kai shi ne, mai magani ya haɗa ƙwarin nan duka ya yi musu kuɗin goro. Kakanninmu ba su yi haka ba. Sun ba kowanne sunansa, domin kowanne da halinsa. Tururuwa ita ce baƙar nan mai babban kai, mai share fili kewaye da raminta, mai jan layi zuwa gona ko masussuka. Ƙwayar hatsi da ta ciyawa take nema. Kiyashi shi ne ɗan mitsitsin nan na cikin ɗaki, mai son sukari da mai da ɓarɓashin tuwo. Cinnaka tana zama ƙarƙashin dutse da tulu da tabarma, inda ƙasa ke da laima, kuma harbi take yi da ƙarin da ke bayanta. Shi ya sa ake cewa ba ta san na gida ba. Gwano, mai warin nan, farauta yake yi, gara ma tana cikin abincinsa. Kwarkwasa ta fi yawa a kudu inda ruwa ya wadata; in ta ratsa gida, ta kwashe ƙwarin da ta tarar ta wuce. Gara kuwa ba ma danginsu ba ce. Masana sun ce ita ƴar'uwar kyankyaso ce.

To, ciwo shida, magani ɗaya? Ko boka ba ya faɗin haka.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Garin nan yana kashe abin da idonka ke gani, amma tushen yana ƙarƙashin ƙasa. Gidan tururuwa kamar gari yake. Can ciki akwai uwa, wadda masana ke kira sarauniya. Aikinta ɗaya ne, yin ƙwai, kuma ba ta fitowa. Waɗanda kake gani a layi ƴaƴanta ne mata, ma'aikata. Masu fita neman abinci kaɗan ne cikin jama'ar gidan. Sauran suna ciki suna renon ƙwai da tsutsa, suna faɗaɗa ɗakuna. Sarauniya tana daɗewa ƙwarai. A wani iri an ga wadda ta wuce shekara 20 da rai. Ka barbaɗa gari a bakin rami, ɗari biyu su mutu, ka share su da tsintsiya, ranka ya yi fari. Ita kuwa uwar ko atishawa ba ta yi ba. Bayan sati ɗaya ko biyu sabbi sun fito, sau da yawa ta wata ƙofa da sunka buɗe bayan ɗaki. Ranar kasuwa ta zagayo, ka koma wajen mai tabarma. Shi bai yi hasara ba. Maganin da ba ya gama aiki shi ne mai kawo masa ciniki kowane sati.

Akwai ma wani irin kiyashi na cikin ɗaki wanda gidansa ke da sarauniya da yawa. In an dame su da magani mai ƙarfi, sai su watse. Kowace sarauniya ta ja nata ayari ta kafa sabon gida cikin wata tsagar bango. Da gida ɗaya kake fama, yanzu sun zama uku.

Ka san karin maganar nan ta tururuwa da fiffike, wai in ta tashi lalacewa sai ta yi shi. Gaskiya ce rabi. Masu fiffiken nan da ke tashi bayan ruwan farko su ne maza da sabbin sarauniyoyi. Mazan suna mutuwa, tsuntsaye da ƙadangaru suna cinye da yawa. Amma wadda ta tsira sai ta karya fiffikenta, ta tona rami, ta kafa sabon gari. Ke nan kowace damina sabbi suna sauka cikin gidanka daga sama. Ko ka kashe na bana duka, na baɗi suna tafe.

In kana tsammanin ƙarancin magani ne ya sa ba mu ci nasara ba, ji labarin Amurka. Wajen shekarun 1930 wata jar cinnaka mai zafin harbi ta shiga ƙasar cikin jiragen ruwa daga Amurka ta Kudu, ta tashar Mobil a jihar Alabama. A 1957 gwamnati ta ɗaura yaƙi da ita. Anka riƙa zuba guba daga jiragen sama a kan gonaki da dazuzzuka, eka miliyoyi. Da farko heptakulor da diyeldirin anka zuba, daga 1962 kuma wani mai suna mireks. Tsuntsaye sunka mutu, kifi ya mutu, har dabbobin gida sunka taɓu. Wata masaniya mai suna Rachel Carson ta ba da labarin ɓarnar cikin littafin da ta fitar a 1962. A 1978 anka hana mireks. Cinnakar fa? Tana nan har yau, ta ma ƙara yaɗuwa, domin gubar ta kashe sauran tururuwan ƙasar masu tare mata hanya. Magungunan nan uku suna cikin waɗanda ƙasashen duniya sunka yarda a daina, a yarjejeniyar da anka ƙulla a birnin Istokholm a 2001, wadda Nijar ma ta sa wa hannu. Abin da jirgin sama bai iya ba, ƙullin dala ashirin ne zai iya?

Yanzu mu buɗe ƙullin mu ga abin da ke ciki. Nan ne tsorona yake.

Tambayi mai tabarma sunan garin. Zai ce maka "mai ƙarfi ne." Tambaye shi na cikin kwalbar, ya ce "piya-piya." Piya-piya sunan kasuwa ne. Abin da aka fi zubawa ciki shi ne gubar da ake rubuta wa DDVP, ko dikulorbos. Tana shiga jikin mutum ta hanya uku: ta baki, ta numfashi, ta fata. Ba sai an sha ba. Ɗakinmu na laka mai ƙaramar taga, in an yayyafa ta a ciki an rufe ƙofa, duk wanda ya kwana nan ya shaƙe ta har asuba. A 2015 ƙasashen Turai sunka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan guba da anka samu a cikinsa. A 2019 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna a Nijeriya ta taƙaita sayar da ita, saboda rayukan da take ci. Can inda take fitowa ana ƙoƙarin ɗaure ta, nan kuwa tana zaune kan tabarma kusa da mai ƙosai.

Farin garin kuma iri-iri ne. Wani mai sauƙi ne ga mutum, amma yana kashe kyanwa da zuma da kifi. Masu kamun kifi a tabkin Tabalak su lura da wannan, kada a wanke gwangwaninsa a bakin ruwa. Wani garin kuwa na wankin iri ne, ko na fesa wa gona, anka juye shi cikin leda. Da ido ba ka rarrabe su. Allin nan shi ma guba ne, kuma kamarsa ɗaya da allin makaranta. Yaro ya tsince shi ya yi rubutu a bango, ya sa yatsa a baki.

Ina ne ake barbaɗa garin? A ƙasa, gindin bango, ƙarƙashin gado, kewaye da randa da murhu. Wa ke zaune a ƙasa? Mai rarrafe. Kai kana tafiya da takalmi, hancinka yana can sama. Shi kuwa tafin hannunsa yana cikin ƙurar, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa, bakinsa zai ɗanɗana. Bayan shi sai kaji da zabbi. A unguwarmu, wata damina, wata baiwar Allah ta barbaɗa gari kewaye da rumbu da yamma. Da safe kaji sunka bi matattun tururuwan sunka tsince. Kafin azahar kaza huɗu sun miƙe ƙafa. Abin da ya fi ba ni tsoro, sai da anka yi gardama kafin a yarda a binne wadda anka yanka tana shure-shure; wasu sun so a sa ta tukunya. Kaza huɗu, ka lissafa kuɗinsu, ka gwada da tiyar hatsin da tururuwa za ta kwasa.

Kwalbar da ta ƙare ita ma ba ta gama ɓarna ba. Ana ɗauraye ta a zuba man gyaɗa ko ruwan sha na zuwa gona. Ɗauraya ba ta fitar da guba. A huda ta, a binne ta nesa da rijiya.

Tun da abin yana cikin gidajenmu, ka riƙe alamun nan. Wanda irin gubar piya-piya ta kama, miyau yana zubo masa, zufa tana karyo masa, hawaye, amai, zawo, ciwon kai. Baƙin idonsa yana ƙanƙancewa kamar ƙwayar gero. Numfashi yana yi masa wuya, jiki yana rawa. In ka ga haka, fitar da shi waje ya sha iska. Tuɓe masa tufafin da maganin ya taɓa, wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada ka sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Kada ka ɗura masa nono ko mai. Mutane suna yin haka da kyakkyawar niyya, amma ba ya kashe guba, kuma yana iya sarƙe shi. Kai shi gidan likita nan da nan, ko tsakar dare ne, ka tafi da kwalbar ko ledar don likita ya san abin da zai yi yaƙi da shi. Akwai allurar da ke karya irin wannan guba, amma sai an kai mutum da wuri.

Sukata ba ta tsaya kan mai tabarma ba. Shi ma talaka ne, abinci yake nema, kuma shi ya fi kowa shaƙar abin, yini guda yana ƙulla shi da hannu. Akwai doka. Ƙasashen Sahel, ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, sun kafa kwamitin duba maganin ƙwari, ana ce masa CSP, ya fara aiki a 1994. Maganin da ya yarda da shi ana ba shi lamba, a buga ta jikin takardar. Amma ƙungiyar RECA ta manoman Nijar, da ta bi kasuwanni ta ƙidaya, ta tarar mafi yawan magungunan da ake sayarwa ba su da wannan izini. Doka tana Yamai cikin takarda, guba tana Barmu cikin leda.

Sa'an nan dubi takardar kanta. An rubuta ta da Ingilishi, ko Faransanci, wani lokaci ma da rubutun Sin. Masu yin maganin sun san sarai Bahaushe ne zai saya, sun san hanyar da kayansu ke bi har su iso Ƙwanni da Tawa. Sun iya buga hoton kyankyaso kwance ƙafafu sama, amma layi biyu na gargaɗi da Hausa ya gagare su. Mun zauna ajin yaƙi da jahilci, mun koyi baƙi da wasali, ga shi abin da zai iya kashe ɗanmu ba a rubuta shi da harshenmu ba. Wannan raini ne. Gidajen rediyonmu na karkara da ke karanta gaisuwar ƴan cin rani dare da rana, su ma ya kamata su ba wannan magana ko minti goma a sati.

Kafin a gyara, ga abin da kowa ke iya karantawa ko bai san Turanci ba. Maganin kirki yana da layi mai launi a gindin takardarsa. Ja, guba ce mai tsanani. Rawaya, mai haɗari ce. Shuɗi, a yi hankali. Kore shi ne mafi sauƙi, amma shi ma ba abinci ba ne. In ka ga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, wannan bai kamata ya kwana ɗakin da mutane ke kwana ba. Wanda ba shi da takarda ko kaɗan, ka ɗauke shi kamar ja.

Akwai wata hasara da ba a lissafawa. Tururuwa da gwano da danginsu suna cin ƙwan ƙwari da tsutsa, suna kwashe mushen ƙwari, kuma su ne manyan abokan gaban gara. Gidan da anka share su duka da guba, an buɗe wa gara ƙofa, ita da ke cin itacen rufi da zana da gindin rumbu ba a ji ba a gani. A gona kuwa ita kanta garar ma'aikaciya ce. Mutanen Adar sun fi kowa sanin haka. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoma na ƙasar Illela sunka je Yatenga a Burkina Faso, ƙasar Yakuba Sawadogo wanda ya rasu a 2023, sunka ga yadda ake gyara ramin shuka. Sunka dawo sunka inganta tassa, ta yaɗu daga Badagishiri zuwa sauran Adar. Mene ne asirin tassa? Ka tona rami a fako, ka zuba taki. Gara ta ji ƙanshin taki ta zo, ta huda ƙasa ta yi hanyoyi. Ruwa ya sauka ya bi hanyoyin ya shige, saiwar hatsi ta bi shi. Fakon da ko ciyawa ba ya fitarwa ya ba da damma. Wanda ya saba da zuba guba duk inda ya ga ƙwaro, ran da ya kai wannan hali gona, ma'aikatansa na kyauta zai kashe.

Tururuwa kuma, tambayi tsofaffi. A manyan yunwa, irin Kakalaba ta 1913 da 1914 wadda kakanni ke ba da labari, da ta 1984 wadda ake ce wa El Buhari, har da wahalar 2005, abin da ke rumbu ya ƙare tun kafin damina. A irin waɗannan shekaru mata sun fita da galma da ƙwarya suna tonon gidan tururuwa, suna sheƙe ƙasa, suna fitar da ƙwayar hatsi da ta ciyawa da ta tara, su dafa wa yara. Allah kada ya maimaita mana. Amma ɓarauniyar da muke zagi, rumbunta ya taɓa riƙe ran mutane. Ramin da ke can daji ko bakin gona, nesa da masussuka, ban ga dalilin zuba masa guba ba.

Masu zuba kananzir ko fetur cikin rami su ƙyasta ashana, su ma ina da magana da su. Gidajenmu zana ce da kara da rumbu, iskar bazara kuma ba ta shawara da kowa. Ban da haka, tambayi limaminku. Sura ta 27 cikin Alƙur'ani sunan tururuwa gare ta, kuma akwai hadisin wani annabi da tururuwa ɗaya ta ciza, ya sa anka ƙone gidansu duka, Allah ya yi masa faɗa. Malamai sun yarda a kawar da mai cutarwa, amma ba su son a yi da wuta.

Za ka ce, to, malam, ka hana mu wannan ka hana mu wancan, mu zauna su cinye mu? A'a. Akwai aiki, sai dai ya fi barbaɗa gari wuya, shi ya sa ba a tallarsa a kasuwa.

Ƙwaro ba ya zuwa gidanka don zumunci. Abinci ya kawo shi, ko ruwa, ko wurin ɓuya. Kiyashi ɗaya ke fara gano ƙwaryar. In zai koma gida sai ya riƙa shafa wani ƙanshi a ƙasa, wanda hancinmu ba ya ji, sauran su biyo. Layin nan da kake gani hanyar ƙanshi ce. Goge ta da tsumma da ruwan sabulu, sai su ɓace. Ruwan sabulu yana kashe waɗanda ya jiƙa, kuma ba ya cutar da mai rarrafe. Amma kafin ka goge, bi layin da ido har inda yake shiga bango, ka liƙe tsagar da laka ko siminti. Sukari da ƙuli-ƙuli da kilishi su shiga gwangwani mai murfi. Sauran tuwo a rataye shi a ragaya. Kwanon da anka ci abinci kada ya kwana ba wanki, ɓarɓashi kuma a share kafin a shimfiɗa tabarma. In akwai gado, sa kowace ƙafa cikin gwangwani mai ɗan ruwa, ka janye shi daga bango, kada gidan sauro ko zane ya taɓa ƙasa ya zama gada.

Cinnaka laima take bi. Ɗaga randa bisa duwatsu, gyara inda ruwan wanka ke kwanciya, kwashe tarin duwatsu da fasassun tukwane da ke kusa da wurin kwana. In ka gano gidanta, ba shi da zurfi sosai: tona shi da sassafe, ka zuba ruwan sabulu mai yawa, ka sake bayan kwana biyu. Wasu suna zuba tafasasshen ruwa, yana kuwa aiki a ramin da ba shi da zurfi, amma a kawar da yara tukuna, don ƙunar ruwan zafi ta fi harbin cinnaka.

Toka da garin ƙwallon dogon yaro, gaskiya zan faɗa maka, ba su kashe gida. Tare hanya suke yi, kuma iska ko ruwa na kwashe su, sai an sake. Duk da haka suna da amfani kewaye da ƙafafun rumbu. Shi rumbun, magininmu na Adar ya riga ya yi rabin aikin da ya ɗora shi bisa duwatsu. Saura naka: share ƙarƙashinsa, kada kara ko itace ya jingina da shi, yaɓe tsagoginsa kafin a zuba sabon hatsi, kuma kada a bar zubabben hatsi a gindinsa. Wake kuwa, buhun nan mai riɓi uku da ake ce wa PICS, wanda ya fara yaɗuwa a ƙasarmu daga 2007, yana tsare shi daga ƙwari ba tare da ko ɗigon magani ba, in an ɗaure shi da kyau an ɗora shi bisa katako.

In ka ga tururuwa tana hawa da sauka a jikin kuɓewa ko wake ko lemo, juya ganyen ka duba. Za ka tarar da ƙananan ƙwarin nan masu kawo darɓa. Zaƙin da suke fitarwa take sha, tana gadinsu kamar yadda makiyayi ke gadin shanu. Su ne masu shan jinin shukar. Wanke su da ruwan sabulu ko ruwan ƙwallon dogon yaro, tururuwar za ta rage da kanta.

Wani lokaci duk wannan ba ya isa, na yarda. Babban gidan tururuwa ya kafu gindin rumbu, ko kiyashi ya cika bango. Nan ma maganin da ke kashewa nan take ba shi ne na kirki ba. Wanda ke kai wa ga sarauniya shi ne mai aiki a hankali, wanda ake gauraya kaɗan cikin abin da suke so, ma'aikata su ɗauka su kai gida su ciyar da uwar. Yana ɗaukar sati biyu ko fiye, kuma ana sa shi cikin gwangwani mai ƙananan huji inda yaro da kaza ba su kai. Wannan ba aikin kirdado ba ne. Je wajen malamin gona na gundumarku, ko sarwis na kare shuke-shuke a Tawa, ko mutumin garinku da anka horar kan aikin feshi. Faɗa masa wane ƙwaro ne, da sunansa na Hausa, da inda yake. Ka bar shi ya zaɓa maka, ya nuna maka awo.

Ran kasuwa mai zuwa, in ka tsaya gaban mai tabarma, ɗauki kwalbar ka juya ta. Nemi sunan maganin, nemi layin launi, nemi lambar CSP. Tambaye shi da ladabi wane ƙwaro yake kashewa, kuma me za a yi in yaro ya lasa. In ya amsa, ka ji. In ya ce maka "mai ƙarfi ne" kawai, mai sabulu yana nan rumfa ta gaba.